Sufanci da wankin zuciya: tambayoyin da ake yawan yi

Wai menene sufancin ma tukuna?

Ilimin gyaran zuciya ne. Fiƙihu zai koya maka yadda ake alwala da sallah, shi kuma sufanci, wato tasawwufi, yana bibiyar abin da ke ƙirjinka lokacin da kake sallar, dan Allah kake yi ko dan a gani. Sufaye suna kafa hujja da hadisin Jibrilu inda aka ce ihsani shine ka bauta wa Allah kamar kana ganinSa, in ba ka ganinSa to Shi yana ganinka.

Wace dauɗa ce ake wankewa?

Hassada, riya, girman kai, jiji da kai, rowa, son girma. Imamu Gazali da ya rasu a 1111 sai da ya ware rubu'in littafinsa Ihya'u sukutum kan waɗannan masu halakarwa. Kuma Alƙur'ani ya ambaci rai mai yawan umarni da mummuna a Suratu Yusuf, da mai zargin kanta a Suratul Ƙiyama, da natsattsiya a Suratul Fajri, toh tafiyar duk daga ta farkon ce zuwa ta ƙarshen, kuma wallahi riya ce mafi wuyar sha'ani dan tana iya ɓuya har a cikin tawali'u, mutum ya sunkuyar da kai amma a ransa yana jiran a ce kai wane akwai sauƙin kai.

Ta yaya ake yin wankin?

Tuba da farko, sai yi wa kai hisabi kullum, rage ci da barci da surutu, da lazimtar zikiri. Sufaye suna cewa takhalli kafin tahalli, wato a kwashe munanan halaye sannan a zuba kyawawa.

Karama fa?

Karama, wato abin al'ajabi da Allah ke nunawa ta hannun waliyyi, ba ita ake nema ba. Manyan sufaye ma tsoronta suke ji kar ta zama istidraji, wato talalar da Allah ke yi wa mai saɓo, Ya riƙa ba shi baiwa har ya ruɗu ya halaka, abin da suke dubawa shine tsayuwa kan shari'a.

Dole sai da shehi?

Nan akwai saɓani. 'Yan ɗariƙu irin Ƙadiriyya ta Shehu Abdulƙadir Jilani (ya rasu a Bagadaza a 1166) da Tijjaniyya ta Shehu Ahmad Tijjani (ya rasu a Fas a 1815) suna ganin mutum ba ya ganin aibin kansa, sai da mai tarbiyya. Wasu malamai kuma sun ce Alƙur'ani da sunna da abokin kirki mai faɗa maka gaskiya sun isa, har suna sukar wasu wuridai da cewa bidi'a ne. Tsarkake ran shi kansa dai ba wanda ya yi jayayya a kai, rigimar a kan hanya take.