Don Allah a daina zuba baƙin mai a ciwon faɗuwar babur

'Yan uwana mutanen Maradi, musamman ku 'yan kabu-kabu da kanikawa, yau da ku nake. Aikina wankin ciwo ne da ɗinki, kuma da wuya mako ya ƙare ban karɓi wanda babur ya kayar ba. Manyan haɗurran hanyar Ɗan Isa ko ta Tasawa, waɗanda 'yan kwana-kwana ke kwasowa, wannan maganar daban ce. Ƙananan nan nake nufi: taya ta nutse a rairayi a lungun Bagalam, akuya ta gitta a Zariya, adaidaita ya goge mutum a bakin babbar kasuwa. Ya faɗi, ya ƙuje gwiwa da tafin hannu, ya tashi ya kaɗe riga, jama'a su ce Allah ya tsare gaba. Har nan babu laifi. Abin da ke biyo baya shi ke ƙona mini rai.

Sai a ja shi zuwa gareji mafi kusa, a ɗebo baƙin man da aka juye daga inji a shafe ciwon da shi. Wani man birki za a tsiyaya masa. Wani fetur daga kwalbar ɗan ruwa-ruwa, wani ma har ruwan batir. In ka tambaya, amsar ɗaya ce kullum: wai yana tsayar da jini, wai yana kashe dafin kwalta, wai yana busar da ciwo da wuri. Bayan kwana huɗu ko biyar sai ga shi an riƙo shi, ƙafa ta kumbura ta yi sul, mugunya na fita, kaluluwa ta taso a matsematsi, masassara ta hana shi barci. Ciwon da ruwa da sabulu za su gama da shi a ranar farko ya zama na makonni, ga kuɗin allura, ga babur a jingine, ga iyali na jiran cefane.

Haba jama'a! Man da inji ya ƙi, wanda kai da kanka ka ce ya mutu ka zubar, shi ne za ka ɗura a cikin naman jikinka? Baƙin nan da kake gani toka ce da garin ƙarfen da inji ya ci. Man birki fentin babur ma yake ci in ya zuba a kai. Ruwan batir kuwa ƙona nama yake yi kai tsaye, zafin da ka ji ba alamar magani na aiki ba ce, naman ne ke mutuwa. Kuma in an kawo mana ciwon da aka shafe da mai, ba ma iya ganin zurfinsa sai mun goge shi tas. Wannan gugar ta fi faɗuwar zafi nesa ba kusa ba. Na ga ƙarti majiya ƙarfi suna hawaye a kan gadon wankin ciwo, kuma wallahi ba daɗi muke ji ba.

Abin da ya fi tsorata ni shi ne tetanos, cutar nan mai sandarar da jiki. Ƙwayar cutar tana zaune a cikin ƙasa da kashin dabbobi, kuma kun san titunanmu: awaki, tumaki, jakuna, shanun amalanke, duk a nan suke bi. In ka faɗi, ƙasar nan ta shiga ciwon. Ƙwayar kuma ba ta son iska, ta fi samun ƙarfi a ciwon da aka toshe da datti a ciki. To ka ga mai shafa baƙin mai ya rufe mata ƙofa kenan ta zauna lafiya. Ba ta nuna kanta nan take. Tsakanin kwana 3 zuwa 21 take ɗauka, wani lokaci ciwon ma ya fara kamewa, mutum ya manta da shi. Sai baki ya ƙi buɗuwa, wuya ya sandare, baya ya banƙare, ƙaramin motsi ko ƙara su tayar da fizga. Sai 'yan uwa su ce iska ce ko sammu, a ɓata kwanaki ana turare. Cuta ce mai kisa, jinyarta na da tsada da wahala, alhali allurar rigakafinta tana nan a likita.

Ku maza, ku ne kuka fi zama cikin haɗarin nan. Matanmu suna samun allurar a wurin awon ciki. Kai kuwa, Malam, yaushe rabonka da ita? Mafi yawa tun suna goye, wasu ko sau ɗaya ba a taɓa yi musu ba. Ƙarfinta raguwa yake yi, shi ya sa ake sabunta ta bayan shekara 10, in kuma ciwon mai datti ne kuma ta wuce shekara 5, a sake. Wanda bai san matsayinsa ba ya zo a ranar da ya faɗi, mu za mu duba abin da ya kamata a yi masa.

Ƙunar salansa ma haka. Mata da yara ta fi samu, wajen sauka ko in babur ya kwanta a kan ƙafa. Nan kuma sai man goge baki, ɗanyen ƙwai, gishiri, tawada, kowa da nasa. A bar su duka. A yi ta zuba ruwa mai sanyi, ba ƙanƙara ba, har minti 20, kada a fasa ƙurjin da ya taso, a rufe da tsumma mai tsabta a kawo.

In an faɗi a babur, abin yi ba shi da yawa:
A janye daga kan hanya, a zauna.
In jini na zuba, a danne da ƙyalle mai tsabta minti 10 ba ɗagawa, a ɗaga hannun ko ƙafar sama.
A wanke da ruwa mai yawa da sabulu har tsakuwa da ƙasa su fita. Ruwan leda ya isa, ko'ina akwai shi.
A rufe. Ban da mai, ban da toka, ban da ƙasa, ban da garin kafson da ake fasawa a barbaɗa.
In ciwon ya buɗe baki, a zo cikin awa 6, lokacin ne ɗinki ya fi kamawa.
In mutum bai iya tashi, ko wuyansa na ciwo, kada a ciccibe shi, a kira 'yan kwana-kwana a lamba 18.

Sai maganar buguwar kai. Wanda kansa ya bugu, ko da ya tashi yana dariya, kada a bar shi ya kwana shi kaɗai, a sa masa ido kwana biyu. Amai, barcin da ba a saba gani ba, ciwon kai mai ƙaruwa, maganar da ba ta kan hanya, jini ko ruwa daga kunne ko hanci, fizga: ko tsakar dare ne a nufi asibiti. Kada a ba shi tramol don ya koma aiki, yana ɓoye mana alamun. Farasitamol ya wadatar kafin a gan shi. Haka wanda kan babur ya doka a ciki, in cikin ya ɗaure, ko jiri na ɗibarsa, ko ya ga jini a fitsari, jini na iya zuba a ciki ba a gani. Ƙafar da ta ƙi taka ƙasa kuwa a yi mata hoto kafin a kai wa mai ɗori, kuma duk ɗaurin da ya sa yatsu suka yi sanyi ko suka yi baƙi a kwance shi nan take. Hular kwano kuma, ɗana, a kai ake sa ta, ɗaure da igiyarta, ko da nan da Tibiri za ka.

In an yi sulhu a wurin, alhamdu lillahi, sulhu alheri ne. Amma ka karɓi lambar wayar wanda kuka yi karo da shi kafin ku rabu, don ciwon da ba ka ji yau ba gobe kan tashi da kai.

Iyayen gida na gareji, na dawo kanku, don wurinku ake fara zuwa kafin a zo wurinmu, kuma maganarku yaran nan suke ji. Na san taimako kuke nufi, ba mugunta ba. To ku ajiye sabulu guda da ruwan leda a gefe, in an kawo wanda ya faɗi ku wanke masa ku turo shi. In yaronka ya miƙa hannu zai ɗauko galan ɗin baƙin mai, ka tsawata masa a gaban kowa. Wanda kuma aka riga aka shafa wa, kada kunya ko tsoron faɗana ya hana shi zuwa. Faɗan na minti ɗaya ne, daga nan sai mu wanke. Ya zo yau, ya faɗa mana gaskiyar abin da aka zuba da ranar da aka zuba, in yana da katin rigakafi ya riƙo shi.