Waiwaye: Yadda Kirista suka koyi tsayawa a gindin gicciye

A Maradi makon tunawa da shan wuyar Yesu Almasihu yakan faɗo ne a tsakiyar bazara, domin Idin Tashi daga Matattu ba ya fita daga tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 kuma ruwan randa kansa ke yin ɗumi. Saboda haka idan mai karatu a majami'a ya kai aya ta 28 a sura ta 19 ta Bisharar Yahaya, inda wanda aka gicciye ya ce yana jin ƙishirwa, babu wanda ke buƙatar fasto ya yi masa bayani. Sai dai wannan al'ada ta zama a yi shiru ana bin raunukan Almasihu ɗaya bayan ɗaya da zuciya tana da tarihinta, kuma ba da ita Kirista na farko suka soma ba.

Marubutan Bishara huɗu ba su tsawaita bayanin azabar jiki ba. Markus ya ambaci bulalar da gwamna Bilatus ya sa aka yi wa Yesu cikin rabin jimla, ya ce an gicciye shi a sa'a ta uku, wato da hantsi, duhu kuma ya rufe ƙasa daga tsakar rana zuwa wajen ƙarfe uku. Dalilin taƙaitawar ba ɓoyayye ba ne. Mutanen daular Rum sun san gicciye da idonsu, hukunci ne na bayi da ƴan tawaye, ana yin sa a bakin hanya, a tuɓe mutum a bar shi ga rana da ƙudaje, abin da ake nufi da shi kuwa har da tozarci. Shi ya sa Bulus ya rubuta wa Korantiyawa cewa wa'azin Almasihu gicciyeyye abin tuntuɓe ne ga Yahudawa, wauta kuma ga sauran al'ummai. Har tsawon ƙarni uku Kirista sun fi zana makiyayi ɗauke da tunkiya, ko kifi, a kan su zana Ubangijinsu a rataye.

Al'amarin ya fara sauyawa a ƙarni na 4, bayan sarkin Rum Kustantin ya ba addinin ƴanci, ya kuma hana hukuncin gicciye. An keɓe majami'ar Kabari Mai Tsarki a Urushalima a shekarar 335, wata mai ziyarar ibada mai suna Ejeriya kuma, wadda ta zauna a birnin tsakanin 381 da 384, ta bayyana yadda jama'a ke bin layi ranar Babbar Juma'a, wato ranar tunawa da gicciye Yesu, suna sumbatar guntun itacen da aka yi imani na gicciyen ne, sannan su tsaya daga tsakar rana zuwa sa'a ta tara, wato wajen ƙarfe uku, ana karanta musu Zabura da annabawa da Bishara, suna kuka. Duk da haka, a zane-zanen wancan zamani, kamar sassaƙar da ke ƙofar majami'ar Santa Sabina a Rum ta wajen shekarar 430, Almasihu tsaye yake idonsa biyu, kamannin mai nasara.

A Turai ne, daga ƙarni na 10 zuwa na 15, hankali ya koma kan jikin da ke shan wuya. Gicciyen Gero da ke birnin Kolon na Jamus, wanda aka sassaƙa wajen 970, ya nuna kai a sunkuye da jiki a saɓule. Malamai irin su Ansalam na Kantabari da Barnar na Kilerbo sun koya wa masu ibada su sa kansu cikin labarin kamar suna wurin, Faransis na Asisi kuma, wanda mabiyansa suka ce tabon raunuka biyar ya bayyana a jikinsa a 1224, ya fitar da wannan ibada daga gidajen zuhudu zuwa cikin talakawa. Annobar da ta ratsa Turai daga 1347 ta ƙara mata ƙarfi, tunda mutanen da ke binne ƴan uwansu kullum sun fi samun kusanci da Mai Ceto da ya san ciwo. Daga nan aka sami Hanyar Gicciye, ibadar bin tafiyar Yesu zuwa gicciye zango-zango ana addu'a, wadda asalinta kwaikwayon tattakin masu ziyarar Urushalima ne domin waɗanda ba su da halin zuwa, Fafaroma Kilemanti na 12 kuma ya tsayar da zangonta goma sha huɗu a 1731.

Akwai wani abu a nan da ya kamata mutumin Maradi ya dakata a kansa. A fassarar Latin da Jerom ya yi, aya ta 4 ta Ishaya 53, wadda Kirista ke karantawa a matsayin annabcin shan wuyar Almasihu, ta ce an ɗauke shi kamar kuturu. Wannan kalma ta yi aiki ƙwarai a zukatan mutanen tsakiyar zamani. Tsakanin 1512 da 1516 wani mai zane ya yi wa asibitin ƴan zuhudu da ke Isanhaim, a yankin Alzas, hoton Almasihu jikinsa duk gyambo, domin majinyata masu cutar fata su dube shi su ga kamanninsu. Wanda ya taɓa zuwa asibitin kutare na Danja, kudu da birnin Maradi, wanda SIM, wata mishan ta Furotesta, ta buɗe a 1956, zai gane abin da mai zanen ke nufi fiye da wanda ya karanta shi a littafi, domin a ƙasar Hausa ma abin da ya fi ciwon kuturta zafi shi ne gudun da mutane ke yi wa mai ita.

Ibadar ba ta rasa masu gyara mata zama ba. A huɗubarsa ta 1519 Martin Luta, jagoran Furotesta na farko, ya soki masu tunanin shan wuyar Almasihu don su huce fushi a kan Yahudawa, da masu kukan tausayi kawai kamar ana makokin wani baƙo, ya ce amfanin tunanin shi ne mutum ya ga nauyin zunubinsa, sannan ya ga ƙaunar Allah. Gargaɗin nasa na farko yana da tushe, domin wa'azin Makon Tsarki ya sha zama sanadin kai wa Yahudawa hari a Turai, shi kansa Luta kuma ya yi musu mugun rubutu a ƙarshen rayuwarsa. Sai a 1965 Majalisar Batikan ta Biyu, babban taron bishop-bishop na Katolika, ta bayyana ƙarara cewa ba za a ɗora wa Yahudawa baki ɗaya alhakin wannan mutuwa ba.

Ta hanyoyi biyu wannan gado ya iso Maradi, kuma har yau ana ganin bambancinsu. Mishan ta SIM ta sauka Damagaram a 1924, ta kafa tasha a Tsibiri kafin shekarun 1920 su ƙare, ta kuma dogara da Littafi Mai Tsarki na Hausa da aka buga cikakke a 1932. A majami'un da suka tsiro daga gare ta gicciyen da ke bango fanko ne, babu siffar mutum a kai, tunanin shan wuyar kuma ta karatu da wa'azi da waƙa da Jibin Ubangiji, wato cin gurasa da shan ƙoƙo don tunawa da mutuwarsa, ake yin sa. Katolika kuwa, waɗanda aka kafa musu lardin bishop na Maradi a 2001, da yawansu ma'aikata ne da ƴan kasuwa daga Benin da Togo da Burkina Faso, sun riƙe azumin kwana arba'in, da bin Hanyar Gicciye ranakun Juma'a, da sumbatar gicciye a Babbar Juma'a kamar yadda Ejeriya ta gani.

Kirista ƴan tsiraru ne a nan, maƙwabtansu Musulmi kuma, bisa aya ta 157 ta Suratun Nisa'i, sun yi imani cewa ba a kashe Annabi Isa ba, ba a kuma gicciye shi ba. Wannan ya sa Bahaushe Kirista ba ya ɗaukar maganar gicciye da wasa, tunda ita ce iyakar da ke tsakaninsa da ɗan uwansa na ciki ɗaya, ko da yake kasuwa ɗaya suke ci, suna kuma zuwa wa juna suna da gaisuwar mutuwa. A ganina akwai wata wahalar da ta fi wannan zurfi, ta al'ada. An rene mu a kan dauriya, mace mai naƙuda takan cije don kada a ji muryarta, saurayin Bafulatani a filin sharo yakan sha bulala yana murmushi. Almasihun Bishara kuwa ya roƙi a ɗauke masa ƙoƙon wahala a Getsamani, an tilasta wa Saminu Bakurane, mutumin ƙasar da yau ake kira Libiya, ya ɗauki gicciyensa, ya kuma ɗaga murya da kalmomin farkon Zabura 22 yana tambayar Allah don me ya yashe shi. Mai wa'azin da ya mayar da shi jarumin sharo domin labarin ya yi wa masu sauraro daɗi ya bar nassin da ke gabansa, domin Markus da Matiyu ba su ɓoye wannan kukan ba, har ma sun rubuta shi da harshen da aka yi shi kafin su fassara.