Yoyon Kwale-kwale

Yoyo shi ne shigar ruwa cikin kwale-kwale ko jirgin ruwa ta wata kafa, ko ta ƙasansa, ko ta daɓen katakon da ke sama. Gano kafar ya fi toshe ta wuya, domin ba lallai ne inda ruwa ke ɗiga ya zama nan ya shigo ba. Yakan bi jikin katako ya gangara, ya ɓullo can nesa.

Tarihi

Kogunan ƙasar Katsina da Daura na damina ne, da rani sai yashi. Shi ya sa masuntan dā suka fi dogara da gora, su kwanta a kansa su yi su a tafki. Kwale-kwale ya yawaita ne bayan gina madatsun ruwa: Zobe kusa da Dutsin-ma, a kan kogin Karaduwa, wadda aka kammala wajen 1983, sai Jibiya wajen farkon shekarun 1990, da Sabke a yankin Daura. Kwale-kwalen da aka sassaƙa daga gungume guda, irin na maɗaci, tsagewa kawai yake yi. Na katako kuwa, kowace ƙusa da kowace mahaɗa ƙofa ce ga ruwa.

Hunturu na da hannu sosai. Jirgin da aka bari a tudu yakan bushe, katakon ya tsuke, mahaɗai su buɗe. In ya koma ruwa sai ya kumbura, ƙananan kafofi su rufe da kansu cikin 'yan kwanaki.

Yadda ake nema

Da fari a kwarfe ruwan, a goge ciki tas, a barbaɗa toka. Duk inda ruwa ya bi zai bar sawu, sai a bi sawun zuwa sama. In daɓe ake zargi, aikin mutum biyu ne: ɗaya na zuba ruwa da buta, ɗaya na leƙen ƙasa. Daga gangare ake farawa a hau sannu a hankali, don wanda ya fara daga sama ya jiƙa ko'ina, bai gano komai ba. Kafinta kan ƙwanƙwasa katako, ruɓaɓɓe ba ya amo.

Wasu kan zuba ruwa cikin jirgin a tudu su ga inda zai tsattsafo. Akwai saɓani a kan haka, saboda nauyin ruwan na tura katako waje.

Gyara

Akan cusa auduga ko tsumma a tsagar, a bi da narkakkiyar kwalta.