Matan gonakin Homestead a filayen tsakiyar Amurka

Matan gonakin Homestead su ne matan da suka zauna a gonakin da gwamnatin Amurka ta raba wa jama'a a ƙarƙashin Dokar Homestead, musamman a Nebraska da Kansas da Dakota da Montana da Wyoming, daga 1863 zuwa farkon ƙarni na 20. Yawancinsu matan aure ne da filin ke ɗauke da sunan mazajensu, wasu kuma 'yan mata ne da zawarawa da suka karɓi fili da sunan kansu. Gidajensu sun yi nisa da gari da likita da kasuwa, don haka kusan duk abin da gida zai ci ko ya yi amfani da shi, daga hannun mace yake fitowa.

Dokar da sharuɗɗanta

Shugaba Abraham Lincoln ya sa wa dokar hannu a ranar 20 ga Mayu, 1862, ta fara aiki a 1 ga Janairu, 1863. Duk ɗan ƙasar Amurka, ko wanda ya bayyana niyyar zama ɗan ƙasa, da ya kai shekara 21 ko yake riƙe da gida yana iya karɓar eka 160, wato kimanin hekta 65, a kan kuɗin rajista da bai wuce dala 18 ba. Sharaɗin shi ne ya gina wurin kwana, ya noma filin, ya zauna a kai shekara biyar, sannan ya kawo shaidu biyu kafin a ba shi takardar mallaka. Dokar ba ta ce sai namiji ba, shi ya sa budurwa da bazawara suka samu ƙofar shiga. Matar aure kuwa ba ta da wannan dama sai idan ita ce ke riƙe da gidan. Idan miji ya rasu kafin shekarun su cika, matarsa na iya ƙarasa zaman ta karɓi takardar.

Filayen nan ba kango ba ne. Ƙasar Lakota da Cheyenne da Pawnee da wasu al'ummomin asali ce, waɗanda aka raba da ita ta hanyar yaƙi da yarjejeniyoyin dole.

Ɗakin ɓawon ƙasa

Babu itatuwa a yawancin yankin, katako kuma yana da tsada, sai aka koma gini da ɓawon ƙasa, wato saman ƙasar da saiwar ciyawa ta saƙe shi tamau. Ana yanko shi da garma ta musamman, faɗinsa kamar ƙafa ɗaya, kaurinsa kamar inci 4, sai a daddatsa shi tsawon ƙafa biyu zuwa uku. Ana jera shi ciyawa na kallon ƙasa, layi biyu ko uku a gefen juna, bayan 'yan layuka a gitta ɗaya don ya ɗaure bangon. Ɗaki mai ƙafa 16 da 20 yakan cinye ɓawon kusan eka guda. Dole a bar rata a saman taga a cusa tsumma ko ciyawa, domin bangon yana zama a hankali, in ba a bar ratar ba sai ya danne firam ya fasa gilashi.

Bangon yana riƙe ɗumi da hunturu, yana ba da sanyi da bazara, wuta ma ba ta cinsa. Rufin ne matsala. Ana ɗora ɓawon ƙasa a kan azara da rassa, in ruwan sama ya jiƙa shi sai ya yi ta yoyo kwana da kwanaki bayan an ɗauke. Nan aikin mace yake farawa: ta shimfiɗa farin ƙyalle a ƙarƙashin rufin don ya tare ƙasa da ɓeraye da macizai, ta shafe bango da yumɓu ko farar ƙasa, ta yayyafa wa daɓe ruwa ta share, ta yi ta fama da ƙuma da kuɗin cizo. Waɗanda ba su da ƙarfin wannan gini sukan haƙa ɗaki a jikin tudu su toshe gabansa. Baƙaƙen fatar da suka kafa garin Nicodemus a Kansas a 1877 a irin waɗannan ramuka suka fara zama.

Ruwa da makamashi

Wanda ya samu fili kusa da rafi ya dace. A kan tudu kuwa rijiya kan wuce ƙafa 100 kafin a taɓa ruwa, kuma kafin iyali su iya haƙa ta ko su sayi famfon iska, a ganga ake ɗauko ruwa da keken doki daga nesa. Saboda haka ruwa ɗaya yakan yi aiki biyu ko uku: a yi wanka da shi, a wanke tufafi, a zuba wa shuka. Da hunturu ana narka ƙanƙara, abin da ke cin wuta mai yawa ya ba da ruwa kaɗan.

Abin hura wuta shi ne busasshen kashin ɓaunar Amurka, da aka ƙarar da ɓaunar kuma sai na shanu. Mata da yara ke tsinto shi su tara tsibi kafin sanyi ya shigo, domin in ya jiƙe ya tashi daga aiki. Yana ci da sauri, yana barin toka da yawa, don haka mai girki ba ta iya yin nisa da murhu. Inda babu shi, ana ƙona totuwar masara ko a murɗa busasshiyar ciyawa ta zama dunƙule, aikin da ke yayyanka hannu.

Abinci, sabulu da kuɗin kashewa

Amfanin gona sau ɗaya yake zuwa a shekara, in ya zo. Abin da ke ciyar da gida tsakanin girbi da girbi shi ne saniya da kaji da lambun mace. Tana tatsa safe da yamma, ta zuba madarar a faranti mai faɗi a wuri mai sanyi, ta kwashe man da ya taso, ta kaɗa. Bayan man ya haɗu sai a wanke shi da ruwan sanyi a matse har sai ruwan ya fito fes, sannan a sa gishiri. In aka bar ragowar nono a ciki, cikin 'yan kwanaki yake yin wari, ɗan kanti kuma ba zai karɓa ba. Da wannan mai da ƙwai ake musayar sukari da gahawa da kananzir da yadi. A shekarar da gona ta ƙi, sau da yawa wannan ne kaɗai abin da ke shigowa gidan.

Dankali da kabeji da karas ana ajiye su a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, inda ba zafi kuma sanyi ba ya daskarar da su. Kabewa ana yanka ta zobe-zobe a shanya. Yankan dabba sai sanyi ya kama sosai a ƙarshen kaka, a cuɗe naman da gishiri na makonni, sannan a ƙyafe shi da hayaƙi. Wanda ya yi gaggawar yanka da sauran ɗumi, naman kan ruɓe daga wajen ƙashi kafin gishiri ya ratsa.

Kitsen da ya rage shi ake yin sabulu da shi, a hanyar da ta yi kama da ta sabulun salo. Ana zuba toka a ganga mai huji da aka shimfiɗa wa ciyawa, a kwarara ruwa, a tari ruwan tokar da ke ɗigowa. Gwajinsa da ƙwai ne: in ya nutse, ruwan bai yi ƙarfi ba, in ya taso da ɗan samansa a waje, ya yi daidai. Sai a dafa shi da tataccen kitse ana juyawa na sa'o'i. Ruwan toka mai rauni yana barin sabulu da maiƙo, mai tsanani kuma yana ƙona fata ya cinye tufafi.

Masifu

A 1874 fara ta sauka a Kansas da Nebraska da maƙwabtansu, ta cinye gonaki da lambuna, har tufafin da aka rufe shuka da su. Wutar daji kan taso da kaka, maganinta shi ne a yi huɗa kewaye da gida a ƙone ciyawar tsakani, in ta tsallako a buge ta da jiƙaƙƙen buhu. A 12 ga Janairu, 1888, guguwar ƙanƙara ta faɗo ba zato bayan safiya mai ɗumi, ta kashe mutum fiye da 200, cikinsu har da yara masu dawowa daga makaranta. Farin shekarun 1890 ya kori iyalai da yawa, domin a yammacin yankin ruwan shekara ba ya kai milimita 500, eka 160 kuma ba ta isa ta riƙe gida. Wannan ya sa aka faɗaɗa rabon zuwa eka 640 a yammacin Nebraska a 1904, da eka 320 a wasu jihohi a 1909.

Abin da ya fi nauyi shi ne kaɗaici. Maza kan tafi aikin jirgin ƙasa ko girbin wasu na watanni don samo kuɗi, mace ta rage da yara da dabbobi, kuma zamanta ne ke cika sharaɗin doka, ko da yake sunan mijin ne a takarda. Haihuwa a hannun maƙwabciya ake yin ta, in ta iso a kan lokaci.

Yadda ake tunawa da su

Mai ɗaukar hoto Solomon Butcher ya zaga gundumar Custer ta Nebraska daga 1886 yana ɗaukar iyalai a gaban ɗakunansu. Cikin fitattun hotunansa akwai na 'yan'uwa mata huɗu na gidan Chrisman, waɗanda suka shahara da karɓar filaye da sunan kansu. Wasiƙun Elinore Pruitt Stewart, bazawarar da ta karɓi fili a Burntfork ta Wyoming a 1909, an fara buga su a mujalla a 1913. A 1936 aka keɓe gonar Daniel Freeman kusa da garin Beatrice a Nebraska a matsayin wurin tarihi na ƙasa. An soke dokar a 1976, ban da Alaska inda ta ci gaba zuwa 1986, bayan an ba da takardun mallaka kusan miliyan 1.6 a kan eka miliyan 270.