Lokacin tafiyar jirgi da ake rubutawa a tikiti, me yake nufi?

Duk shekara lokacin jigilar maniyyata sai ka ji ana musu a kan awa nawa ne daga Kano zuwa Jidda, wani ya ce huɗu da rabi wani ya rantse shi kusan bakwai ya gani a tikitinsa. Dukkansu abin da suka gani suka faɗa, karatun tikitin ne ya bambanta.

Abin da kamfanin jirgi yake kira lokacin tafiya yana farawa ne tun daga sanda jirgi ya motsa daga inda aka ɗebi fasinja har ya tsaya cak a inda za a sauke su, wato har da 'yar tafiyar da yake yi a ƙasa da jiran layi kafin a ba shi izinin tashi. Shi ya sa Kano zuwa Abuja, da ba ta kai kilomita 400 ba, ake rubuta mata kusan awa guda alhali jirgin yana iya gudun kilomita 850 a awa, don tashin jirgi sama da saukowarsa kaɗai sun cinye mafi yawan lokacin.

Nisan kuma a miƙe ake auna shi ta sama, daga filin Malam Aminu Kano zuwa filin Sarki Abdul'aziz na Jidda wajen kilomita 3,400 ne, tafiyar awa huɗu da rabi zuwa biyar idan an bi ta Chadi da Sudan kai tsaye. Amma fa jirgi ba ya bin inda ya ga dama, sai hanyar da aka buɗe masa. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyarta, dole jiragen alhazai suka riƙa zagaye, tafiya ta ƙaru man da ake sha ma ya ƙaru. Iska ma tana da nata, Landan zuwa New York ya fi dawowa daɗewa da kusan awa ɗaya saboda iskar can sama daga yamma take kaɗowa.

To inda aka fi ruɗewa, kuma shi ne ya fi damuna, agogo ne. Kowane lokaci da ke kan tikiti agogon garin ne, kuma Saudiyya tana gaban Najeriya da awa 2. Jirgin da ya tashi Kano ƙarfe 10 na safe ya yi awa biyar, a tikiti za ka ga sauka ƙarfe 5 na yamma, alhali a gida ƙarfe 3 ne. A dawowa kuma sai ya zama kamar awa uku kacal aka yi. Masu zuwa tarbar Hajiya ko Baba, lokacin saukar da aka rubuta na Kano ne, kada ku ƙara masa komai, sai dai ku sa ran jiran kaya da binciken fasfo kafin su fito.