Shigo da Magungunan Rage Raɗaɗi ta Maraɗi

Shigo da magungunan rage raɗaɗi a Jamhuriyar Nijar aiki ne da doka ta keɓe wa masu lasisi: kamfanin magunguna na gwamnati ONPPC, manyan dillalan magani da hukuma ta amince da su, da ƙungiyoyin agaji masu izini. A jihar Maraɗi maganar tana da nauyi, domin iyakar Ɗan Isa da ke fuskantar Jibiya a jihar Katsina na cikin manyan ƙofofin fatauci tsakanin Nijar da Najeriya.

Tushen dokar harhaɗa magunguna ta ƙasar ya samo asali a 1997, ta yaƙi da miyagun ƙwayoyi kuma a 1999. Kafin a sayar da magani, sai an yi masa rajista a hukumar kula da harkar magunguna ta ƙasa (ANRP) da ke Yamai, bisa tsarin UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da kuɗin sefa. Kafin kaya su iso kuma, mai shigowa yana neman izini a kan takardar farashin da kamfani ya aiko. A ofishin duwan ana gwada wannan izini da takardar bayyana kaya, lambar rukunin kowane magani da ranar ƙarewar wa'adinsa. Idan an yi shakkar inganci, ɗakin gwaji na LANSPEX ne ke tantancewa. Harajin duwan a kan magani ba shi da yawa. Wahalar tana wurin takardu.

Farasitamol da ibufurofen suna bin wannan hanya kaɗai. Mofin da kodin kuwa suna ƙarƙashin yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1961: ƙasa tana bayyana abin da take buƙata a shekara, kowane kaya na da izininsa na musamman, ƙasar da za ta aiko ma sai ta ba da nata.

Tramadol, wanda mutanen gari ke kira taramol, shi ne babban abin damuwa. Yarjejeniyoyin duniya ba su ƙunshe shi ba, don haka kowace ƙasa ke kafa nata shingen. Najeriya ta amince da ƙwaya mai miligiram 50 da 100 ne, amma abin da 'yan fasa-ƙwauri ke yawo da shi yakan kai 225, akasari daga Indiya, wadda ta tsaurara fitar da shi a 2018. Ana tsallako da shi a kan babura ta hanyoyin daji, ya ƙare a hannun masu tallar magani, leburori da 'yan kabu-kabu. Jami'an duwan da hukumar yaƙi da fataucin miyagun ƙwayoyi (OCRTIS) ne ke kama irin waɗannan kaya.

Tsaurin ya dace, amma yana da wani ɓangare mai ciwo. Taramol na bayan fage ya fi mofin na asibiti sauƙin samu, kuma mai ciwon daji ko wanda aka yi wa tiyata shi ke shan azaba idan izini ya makara ko kaya suka daɗe a duwan.