Waiwaye: Manjakani, daga tawadar malamai zuwa kayan mata

Wanda ya leƙa shagunan magungunan Musulunci a Kano, ko ya bi tallar masu kayan mata a Facebook, zai ci karo da manjakani: wasu 'yan ƙwallaye masu tauri, jikinsu da 'yan ƙuraje. Da yawa suna ɗauka 'ya'yan itace ne. Ba 'ya'ya ba ne, kumburi ne.

Bishiyar da ke yin sa ba ta fitowa a ƙasar Hausa. Tana cikin dangin da Larabawa ke kira balluɗ, masu nau'i kusan 500, kuma masana tsirrai sun san ta da Quercus infectoria tun 1801, lokacin da Bafaranshe Olivier ya bayyana ta. Gajeruwa ce, ganyenta mai haƙora a baki, tana son tuddan Turkiyya, Siriya, Iraƙi da Iran. Wani ɗan ƙwaro dangin rina ne ke huda ɗanyen toho ya sa ƙwai. Sai bishiyar ta yi ƙululu a wurin, tsutsar ta zauna ciki tana ci. In ta girma, ta fasa ƙofa ta tashi. Shi ya sa masu saye tun da can suke duba huda: marar huda ya fi nauyi da ƙarfi, wanda ƙwaron ya fice kuwa ya yi fari, darajarsa ta faɗi.

Ƙarfin nan sinadarin tanin ne, wanda kan kai kashi 50 zuwa 70 cikin ɗari, shi ne baurin da ke ɗaure harshe. A daka ƙululun, a haɗa da gishirin ƙarfe da ƙaro, sai ga baƙar tawada mai kama takarda. Da ita aka yi ta rubutu a Gabas ta Tsakiya da Turai ɗaruruwan shekaru, kuma kasuwar birnin Halab na Siriya ta yi suna da fataucin ƙululun. Aibin tawadar, tana cin takarda in ta tsufa. A 1786 Scheele, masanin sinadarai mutumin Suwidin, ya tace wani asid daga cikin ƙululun.

Kanawa ba su rasa komai ba da rashin bishiyar, don bagaruwa ta tsaya musu. Da ita majema ke jima, haka kuma haɗuwar tanin da ƙarfe ce ke baƙanta fata in dukawa sun shafa kuloko, wato baƙin rinin da ake haɗawa da ƙarfe.

Tawadar zamani ta ture wancan amfanin, sai na magani ya rage. A Maleshiya da Indiya mata sun daɗe suna amfani da manjakani bayan haihuwa, daga can sunan da tallar suka iso mana. Cewa yana tsuke fata gaskiya ne, aikin tanin ke nan. Amma abin da ke jeme ƙirgi ba a yi masa amfanin ganganci a jiki, kuma mai ciwon sanyi likita ya kamata ta fara gani.